Kujerar Anti Ladidi

Ina 'yar shekara tara aka yi wani taron suna a unguwar Camberwell, can ƙasar Turawa, da la'asar. Mata duk sun sha anko, leshi ruwan goro, har ni an ɗinka mini. Ana cikin rabon abinci sai ga Anti Ladidi, ƙawar Mama ta da, sanye da shuɗiyar atamfa. Ba wadda ta kai mata ankon, don tun da ta kira wa mijinta 'yan sanda ranar da ya karya mata hannu, mata suka daina kula ta.

Ta yi sallama, aka amsa ciki-ciki. Ta tsaya jikin bango riƙe da ledar kayan barka. Na miƙe na ce, "Anti, ga kujera."

Mama ta jawo ni, ta mintsini cinyata, tana murmushi saboda idon mutane.

"Kin ga wani ya tashi?" ta raɗa mini.

"Mama, ke kika ce in riƙa tashi wa manya a bas."

"Nan bas ce? Zauna."

Na zauna, leshin yana gogar inda ta mintsine ni. Anti Ladidi ta ajiye ledar ta fita.

Kafin ranar, abin da ya dace a ƙirjina nake jin sa, ba sai na tambayi kowa ba. Da yatsu biyu Mama ta raba ni da shi. Yau har na haifi nawa 'ya'yan, amma in tsohuwa ta shigo jirgin ƙasa na tube, sai na fara waiwayawa in ga ko wani ya tashi.