Inda Aka Tura Ƙanƙara

Tun da aka kafa na'urar juya hadari a garin, ƙanƙara ba ta sauka sai inda aka tura ta, kuma Barau ne mai riƙe da makulli. Shekaranjiya da hadari ya nufo mangwaronsa, sai ya karkata shi gabas, ya yi kamar ya manta lambun yayarsa Tasalla yana can.

Yau ya zo da zarto don ya taya ta gyara. Ɗanyun 'ya'ya sun rufe ƙasa, ɓawon rassa duk ya tsattsage. Ya kama wani babban reshe zai datse.

"Kai, tsaya!" in ji Tasalla. "Wanda ya karye ake cirewa. Mai rauni bar shi, zai warke. In ka yi masa ƙwal-kwabo, shekara biyu ba zai yi ɗa ba."

"Yaya, ni ne na..."

"Na sani. Gabas akwai lambun wani ban da nawa?" Ta miƙa masa toka ya shafa wa raunukan. "Naka sun fara nuna?"

Barau ya sunkuyar da kai. "Sun fara."

"Madalla. Ai duka Baba ne ya dasa."