Abin da Almakashi Ya Bari

Ranar da darakta ya ce wa wani ɗan fim baƙar fata ya ɗan ajiye tiren kai abinci ya sa kwat, hankalinsa bai kwanta ba. Ya tsufa yana fitowa a baran gida a finafinan Hollywood, yau kuma a ba shi waƙa, shi kaɗai gaban kyamara?

"Kaɗaicin nan ne bai yi mini ba," in ji matarsa. "Me ya hana Bature ko ɗaya ya tsaya kusa da kai?"

"Ke dai ba kya rasa abin faɗa."

Da fim ya fito, ya tafi kudancin ƙasar, inda ake wariyar launin fata, ya kai tsohuwarsa silima, suka hau benen da aka ware wa baƙaƙe. Ya yi ta jiran waƙar har aka kunna fitilu. An yanke ta don kada Turawan yankin su ga baƙar fata cikin kwat, labarin kuma ya tafi sumul. Ashe don almakashi aka tsayar da shi shi kaɗai.

"Mama, ba ki gan ni ba," ya ce.

"Na gan ka mana. Hannun da ya miƙa wa Baturiyar nan ruwa ba naka ba ne? Har da tabon ƙunar murhuna."