Injiniya a Ɗakin Tiyata

"Injiniya, matso ki riƙe nan," in ji likitan tiyata. Haka suke tsokanata tun da na ajiye digirina na injiniya na shiga makarantar likitanci.

Na matso. Shekara biyar ana dasa mini doka ɗaya a ka: kada ki sa hannu cikin inji sai kin kashe shi. Ga cikin mutum a buɗe, wata jijiya na bugawa dab da yatsuna. Ban ankara ba na waiga ina duba bango.

"Me kike nema?"

"Makunni," na ce a hankali.

Babu wanda ya yi dariya.

"'Yata, wannan yana aiki ake gyara shi," in ji likitan. "Kawo hannunki."