Hujin da Mai Fito Ya Ƙi

Kai da kake cewa a rufe rigimar gonar nan da goro da addu'a, kada a tono inda ta faro, zauna ka ji misalin wani mai fito a bakin kogin Kwara, can wajen Yawuri. Rayuwarsa duk a jirgin katako ya yi ta, yana ƙetarar da mutane da buhunan albasa ran kasuwa. Sai da furfura ta fito masa ya sayi jirgin alminiyam, mara nauyi, mai inji a baya. Jirgi ya sauya, mai jirgi yana nan yadda yake. Wata safiya ya ga danshi a ƙasan jirgin, daidai inda aka haɗa fallen alminiyam biyu da walda. Tsaga ce siririya kamar gashi, ba ta kai tsawon yatsa ba. Ya yi mata abin da ubansa ke yi wa katako: ya cusa tsumma da bakin wuƙa, ya narka kwalta ya shafe. Bai tsaya ya tuna cewa katako yana shan ruwa ya kumbura, ya matse tsumman da kansa ba. Alminiyam kuwa ba ya shan komai. Inji na jijjiga shi, igiyar ruwa na dukansa, tsagar na tafiyarta a ƙarƙashin kwalta, har ta kai taƙi guda, har ya zama duk fasinjan da ya zauna a gaba sai an miƙa masa ƙwaryar kwarfar ruwa.

Ana gobe kasuwa ya ja jirgin kan tudu wajen mai walda. Mai walda ya kankare kwaltar yana tsaki, ya bi tsagar da farce har inda ta ɓace wa ido, sannan ya ɗauko injin huji. Mai fito ya cafke masa hannu. "Kai ɗan nan, ƙarar ruwa na kawo maka, shi ne za ka buɗe masa ƙofa?" Mai walda ya yi masa bayani a tsanake. Tsaga kai biyu gare ta, da kan nan take ci gaba. In an yi ɗan huji kamar ƙwayar dawa a kowane kai, sai ta rasa tsinin da za ta bi. Daga nan a kankare tsohuwar waldar har ƙasa, a goge wurin da buroshin waya har ya yi fari, a bar shi ya bushe ƙayau, sannan a zuba sabuwa ta cike tsagar da hujin gaba ɗaya. Sai dai aikin zai ci ranar kasuwa. Mai fito bai ji komai ba sai kalmar huji da kalmar kasuwa. Ya ce shi tun kafin a haifi mai walda yake kan ruwa, bai taɓa ganin wanda ya yi maganin yoyo da huda jirgi ba. A ɗora wutar walda a kai kawai. Mai walda ya ce, "To Baba, jirginka ne." Ya ɗora. Ragowar kwaltar da ke cikin tsagar ta riƙa tafasa tana tofi, waldar ta fito da kauri, tana ƙyalli, cikinta duk kumfa. Mai fito ya shafa ta da tafin hannu, ya gamsu, don a wajensa abu mai kauri shi ne mai ƙarfi.

Washegari ya loda albasa har baki, mata 'yan kasuwa suka hau kan buhunan. A tsakiyar kogi, inda ruwa ya fi ƙarfi, waldar ta buɗe, tsagar ta wuce ta gaba da baya kamar an ja zare a yadi. Ƙwarya ta kasa. Da hannunsa ya riƙa tura buhunan mutane cikin ruwa, masu su na kururuwa, har Allah ya sa suka dafe wani tudun yashi ba a rasa rai ba. Da aka maido da jirgin, zafin waldar banza da ya gasa wurin da tsagar da ta yi rassa sun lalata fallen duka. Mai walda ya yanke shi, faɗin tabarmar salla. Mutumin da ya ƙi huji kamar ƙwayar dawa ya tsaya yana kallon ciyawa ta cikin jirginsa. Kasuwa ta ci, ta sake ci, jirgi na kife ana jiran sabon falle daga birni, matan albasa kuwa sun koma wajen wani mai fiton, ba su dawo ba. Har yau in ka tambaye shi, cewa yake wutar yaron ce ba ta da ƙarfi.

To ga goronka nan, ga rigimar gona. In an shafe ta ba a tono kanta ba, a ƙarƙashi za ta ci gaba da tafiya kamar tsagar nan. Kowa ya ƙi sharar masallaci, ya yi ta kasuwa.