Tambarin Bayan Waya

Ya iske ta a kantin magani tana ta sake jera kwalaben da ta riga ta jera. Manhajar neman aure ta 'yan jam'iyya ɗaya ce ta haɗa su, yau kuma ya zo jin ranar da baffanninsa za su je gidansu.

Bai kai ga tambaya ba idonsa ya sauka kan wayarta. Tambarin jam'iyyar da ke manne a bayanta babu shi, sai danƙo.

"Ɓallewa ya yi?"

"Ni na ɓamɓare shi, Malam. Na daina yinsu."

Ya ɗauki wata kwalba, ya juya ta, ya ajiye. "Ba komai. A hankali zan fahimtar da ke."

"Ai fahimtar ce ta fitar da ni." Ta tsare shi da ido. "In ban dawo ba fa, baffannin naka za su zo?"

Ya buɗe baki ke nan wayarsa ta yi ƙarar da dukansu suka sani. Manhajar ta samo masa wata. Hannunsa ya nufi aljihu, ya tsaya.

"Duba mana," ta ce. "Ni tun ranar da na fara ganinka na goge tawa manhajar."