Mai Fito da Kafaɗar Ƙarfe

Kai da kake ƙorafin an yi maka aiki a asibiti amma har yau ba ka ga sauƙi ba, gyara zama in ba ka misalin wani mai fito.

Mutumin nan tun yana saurayi yake haye kogi da jama'a a kwalekwalensa. Ran kasuwa ya kai matan gari tsallake da albasa da awaki, ya dawo da masu gishiri da manja. Gorar tuƙi ta yi ta cin kafaɗarsa ta dama a hankali, yadda igiyar guga ke cin bakin rijiya, har ta kai in ya ɗaga hannu sai ka ji gaɓar na ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Ya sha saiwa, an yi masa ƙaho, duk a banza. Daga ƙarshe 'ya'yansa suka kai shi birni, likitan ƙashi ya yi masa tiyata, ya cire gaɓar da ta cinye ya sa masa ta ƙarfe. Da za a sallame shi aka ce hannun zai zauna a rataye na ɗan lokaci, bayan nan kuma lallai ya riƙa motsa shi kullum kamar yadda aka nuna masa. Ya gyaɗa kai kawai. A ransa yana cewa, ƙarfe ai ƙarfe ne, wa ya taɓa koya wa gatari sara?

Ranar da ya fara gwada ɗaga hannun, wani zafi ya soke shi har ƙeya. Sai tsoro ya kama shi, kada ƙarfen ya goce ya ɓata aikin da aka sha wahala a kai. Ya mayar da hannun cikin ƙyallen da aka rataye shi da shi, ya rungume shi a ƙirji kamar mai riƙe da ƙwai. Rani ya wuce yana jiran kafaɗa ta warke da kanta. Kwalekwale na kife a bakin gaɓa, rana ta tsattsaga shi, ƙadangaru sun mai da shi gida. Abin da ya fi ci masa rai shi ne hannun ya daina kaiwa baki. Dattijo guda ya koma cin tuwo da hagu, har ya daina fitowa zaure cin abinci da maƙwabta don kunya.

Da abin ya ishe shi ya koma asibiti, rabi faɗa ya kai shi, rabi fargabar kada a ce za a sake yanka shi. Ya ce, "Likita, ƙarfen nan naku ba mai kyau ba ne." Likitan ya sa aka ɗauki hoton ƙashi, ya ɗaga shi saitin taga, ya ce, "Baba, dubi nan. Ƙarfen yana zaune daram inda na ajiye shi. Naman da ke kewaye da shi ne ya yi barci, ba a tashe shi ba. Na yi nawa, saura naka. Allah ya taimake ka ka zo bai gama sandarewa ba." Mai fito ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ya ji kamar an ɗauke masa buhun gero daga ka. Ashe ba wuƙa, sai dai gumi.

Da suka koma gida matarsa ta jefa igiya a kan reshen tsamiyar tsakar gida. Ya kama bakin igiyar ɗaya da hagu, ɗaya da dama, in ya ja da mai lafiya sai marar lafiyar ta tashi. Zufa na zuba, wani lokaci har da hawaye. In ya ce ya isa haka, sai ta ce, "Malam, ƙara kaɗan, jiya ka wuce nan." Wata rana ya yi gaba, wata rana ya wayi gari kamar bai taɓa farawa ba. Bai dai sake ɗaure hannun ba.

Ruwa na cika kogi ya toshe tsagogin kwalekwale da auduga da kwalta. Likita ya hana shi ɗaukar buhu da dogara nauyinsa a kan gora, don haka filafili ya riƙe. Bai yarda ya ɗauki kowa ba a karon farko sai matarsa. A tsakiyar ruwa, inda igiyar ruwa ta fi ƙarfi, ya tsoma filafilin ya ja, yana sauraron kafaɗar. Shiru, ba ƙara, ba suka. Ya sake ja. Ko da hancin kwalekwale ya taɓa yashin tsallake, sai ya zauna yana dariya yana hamdala, matan kasuwa kuma suna ƙwala masa kira daga inda ya baro, ya yi sauri rana na yi.

Likita ya sa ƙarfe mai kyau, amma sai da mai kafaɗa ya kawo nasa aka ji sauti. Shi ya sa Hausawa suka ce, ƙarfe ɗaya ba ya amo.