Ƙamshin Tarko

Shekara tara Hansatu tana zuba ruwan ƙamshin ganye a tarkunan ƙwari na gonakin shayin Mambila. An daina feshin magani, shayi ya yi kyau, amma ƙamshin da ke jawo ƙwarin ya kama fatarta.

Ran sunan jikarta ta yi wanka sau uku, ta hau tudu zuwa gidan 'yarta Dudu.

Dudu ta tare ta a ƙofa. "Inna, don Allah tsaya nan. Dubi mayafinki."

Ƙwari sun lulluɓe shi.

"Bari in ɗan riƙe ta kawai."

"Likita ya hana."

Aka ɗago mata jaririyar ta cikin gidan sauro.

"Sunanki aka sa mata, Inna."

Hansatu ta gyaɗa kai, ta sa albarka daga nesa, ta gangara. Tarkunan yamma na jiranta.